Na Buɗe Gwanjon Kayan Sawa a Waya, Amma Ba Masu Tayi: Ina Matsalar Take?

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gwammaja. Ina saro abaya da dogayen riguna da kayan yara a Ƙofar Wambai, wani lokaci har da atamfa daga Kwari, ina sayarwa daga gida. Wata uku ke nan da na fara sa su a gwanjo a guruf ɗina na WhatsApp da shafina na Facebook, wadda ta fi tayi ta ɗauka. Guruf ɗin akwai mutum fiye da 300, amma in na sa kaya mutum biyu ko uku ne ke magana, wata rana ma shiru. Sau biyu ina sallama riga ƙasa da yadda na saro ta. Wata ƙawata ta ce in sa ƙannena su riƙa tayawa don farashi ya tashi, wai kowa haka yake yi. Don Allah yaya zan yi in jawo masu saye?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi wa nemanki albarka. Idan na fahimce ki da kyau, kaya kina da su, guruf ma cike yake da lambobi, amma ranar gwanjo sai wuri ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, 'yan ƙalilan ɗin da suka taya kuma su kwashe kayan da araha. Ga kuma shawarar ƙawarki, wadda na san tana yi miki yawo a rai, in ba haka ba da ba ki kawo ta ba. Duka zan taɓa su. Amma bari in fara da abin da na daɗe a cikin wannan sana'a kafin ya zauna mini: gwanjo ba ya tara jama'a. Jama'ar da kika riga kika tara, suka san ki, suka yarda da ke, su ne ke sa gwanjo ya yi armashi.

Mu a Kano in an ce gwanjo, hankali kan tafi kan kayan da ake kwancewa dila-dila a Ƙofar Wambai. Ɗaya ma'anar kalmar kuwa ita ce cinikin da ake yi a bainar jama'a, mai shela ya ɗaga kaya, ana tayi a kan tayi har a sallama wa wanda ya fi. Ke kin haɗa biyun ne, kina gwanjon gwanjo. To ki lura da mai shelar kasuwa. Ba ya ɗaga riga a lungu, inda ƙafa take nan yake tsayawa. Mai so zai matso ya taɓa yadin, ya juya cikinsa, ya ga wanda yake takara da shi ido da ido. Kasuwa ta ba shi abu uku kyauta: jama'a, gani da ido, da shaidu.

Shafin eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995, da gwanjon intanet ya yi suna, kuma abin da ya yi shi ne ya samar da madadin waɗannan ukun. Masu saye da kansu suke zuwa su rubuta abin da suke nema, agogon shafin ne ke rufe ciniki, kowane mai sayarwa kuma da tarihinsa na yabo da ƙorafi a fili. Duk da wannan gata, mafi yawan cinikin da ake yi a can yanzu da tsayayyen farashi ake yin sa, gwanjo ya koma na wasu keɓaɓɓun kaya. Ke kuwa a WhatsApp ba wanda ya ɗauke miki ko ɗaya. Ke ce kasuwar, ke ce mai shela, ke ce agogo, ke ce shaida.

Mutum 300 a guruf ba masu saye 300 ba ne

Tambayar farko da zan yi miki: ta yaya suka shiga? Idan ke kika zuba lambobinsu ba tare da kin tambaye su ba, to da yawa sun kashe ƙarar guruf ɗin tun makon farko, kunyarki ce kawai ta hana su fita. Ki ɗauki takarda ki rubuta waɗanda suka taɓa sayen wani abu a hannunki ko sau ɗaya, suka biya, suka karɓi kayansu. Wannan adadin shi ne kasuwarki ta gaskiya. WhatsApp ya yarda guruf ya kai mutum 1,024, amma ni na fi son mata 40 da suka taɓa ba ni kuɗinsu a kan guruf ɗin da ya cika maƙil da baƙi.

Akwai wani abu game da yadda manhajar ke aiki da mata da yawa ba su kula da shi ba. Sitatus ɗinki ba ya zuwa wa wadda ba ta ajiye lambarki a wayarta ba, haka saƙon da kike turawa jama'a a lokaci guda, wanda kowane jeri nasa ba ya wuce mutum 256. Ke nan babban aikinki na yau da kullum shi ne a ajiye lambarki. Duk wadda ta saya, ki roƙe ta ta ajiye. A gidan biki, a gidan suna, a Islamiyya bayan an tashi, a ƙofar makarantar yara, in aka yaba abayar jikinki ki ce ai kuwa ina sayarwa, ga lambata. Iyayenmu dillalai da ke shiga gida-gida da ƙullin kaya a ka, ba tallan rediyo suka yi ba. Wannan gida ne ke haɗa su da wancan. Ki yi amfani da hanyarsu: kostomar da ta kawo miki wata har aka yi ciniki, ki ba ta la'ada ko ki rage mata a sayenta na gaba, kuma ki cika alkawarin tun ba ta tuna miki ba.

Guruf ɗin ya zama na mata zalla. Lambar kowa a fili take a ciki, kuma rana ɗaya wani namiji ya kwashi lambobi ya fara bin mata da sallama, sai ki ga ana ta zamewa ba ko sai-an-jima. Ki kuma rufe shi ta yadda ke kaɗai ke iya turo saƙo, ki buɗe shi lokacin gwanjo kawai. Gurufan ciniki da yawa saƙonnin barka da Juma'a da bidiyon da aka turo sau ɗari ne suka kashe su.

Sai abin da na fi zargi a shirun gurufinki, wato kunya. Ina da wata kostoma, ba ta taɓa tayi a fili ba ko sau ɗaya, amma duk daren da aka rufe gwanjo sai saƙonta ya shigo ta gefe: "Anti, baƙar abayar nan mai dutse a hannu ta tafi?" Da abin ya yi yawa na kira ta na ce, kina so, me ya hana ki tayawa? Ta yi ɗan jim, ta ce ƙanwar mijinta tana cikin guruf ɗin, ba za ta iya a gan ta tana takara a kan kayan gwanjo ba, gobe ta sa a gidan biki a san inda ta samo da nawa ta saya. Tun ranar na gane cewa irinta suna da yawa. Mace za ta sa gwanjo ta yi kyau abinta, amma ba ta son a ƙirga mata kuɗinsa a gaban dangin miji.

Abin da na yi shi ne na ba masu so lamba. Mace ta yi rajista da ni kafin ranar, in ce mata ke ce lamba 14. Ta turo tayinta ta gefe, ni kuma in rubuta a guruf: lamba 14 ta taya 9,500. Sai dai wannan hanya tana buɗe ƙofar zargi, domin wata za ta iya cewa ni ce ke ƙirƙiro lambobin. Don haka na roƙi wata dattijuwa da matan guruf suka sani suke ganin girmanta ta zama shaida, duk tayin da ya zo ta gefe ina tura mata hotonsa nan take, kuma na sanar da kowa cewa mai shakka ta tambaye ta. In ba ki da irin wannan shaidar, kada ki fara karɓar tayin ɓoye.

Ba kowane kaya ke shiga gwanjo ba

Atamfar da kike sarowa a Kwari ki cire ta daga gwanjo yau ɗin nan. Turmi yadi 6 ne a ko'ina, zanen da ke hannunki akwai irinsa jibge a shaguna, kuma da wuya a samu matar Kano da ba ta da wanda za ta kira ya faɗa mata farashin Kwari na ranar. Ba wadda za ta taya sama da kuɗin kasuwa. Abin da gwanjo zai iya yi wa irin wannan kaya shi ne ya sauke shi ƙasa, ba zai taɓa ɗaga shi ba. Ki sa masa farashinsa, ki ɗora ribarki daidai gwargwado, mai so ta saya.

Gwanjo na abin da ba shi da na biyu ne. Abayar da ta fito guda ɗaya a dila, rigar yarinya mai kyan ɗinki da ba za a samu irinta ba ko an zagaye Wambai, zanen da aka daina fitowa da shi mata suna ta nema. A nan ne mata biyu za su so abu ɗaya, kowace ta san in ya wuce ta ya wuce ke nan. Sai kuma kwantai, kayan da suka daɗe kina son kuɗinki ya fito ko da ba riba, amma shi wannan kin shiga da sanin abin da kike yi.

Kada ki zuba kaya 30 a dare ɗaya. Masu tayinki kaɗan ne, in kika raba su a kan kaya da yawa kowace za ta kama nata ita kaɗai ba mai ja da ita. Biyar zuwa takwas sun isa. Kuma ki san cewa a wajena ribar daren gwanjo ba a cikin gwanjon take ba. Duk wadda ta taya ta rasa, ta riga ta faɗa mini abu uku: tana da kuɗi a hannu, ga lambar jikinta, ga irin abin da take so. Washegari da safe sai in tura mata makamancinsa da farashinsa a rubuce. Sau da yawa cinikin safiyar nan ya fi na daren kauri. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Ba a cinikin biri a sama

Mai saye a waya ba za ta taɓa yadi ba, don haka hotonki da bayaninki su ne hannunta. Kafin hoto, a wanke, a goge. Warin dila ba ya fitowa a hoto, amma yamutsewa tana fitowa, kuma rigar da ta yamutse ko ta kai nawa kallon tsumma ake yi mata. Ni da safe nake ɗauka, tsakanin takwas da goma, a inuwar tsakar gida inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan kayan kai tsaye. Ina rataye rigar a hanga jikin bango mai launi ɗaya, in kawar da bokiti da igiyar shanya da takalman yara daga bayanta. Hoton dare da fitilar waya shi ke mayar da ruwan toka ya koma ruwan omo, makuba ta koma ja, kaya su isa hannun mai su ta ce ba wannan ta taya ba. In launin ya ƙi fitowa daidai, ki rubuta da baki: a ido ya fi haka duhu. Sannan ki tura da zaɓin HD, domin WhatsApp yana rage ingancin hoto in an bar shi yadda yake.

Hoto huɗu nake yi wa kowace riga: gaba, baya, kusa da yadin yadda za a ga saƙarsa, da kusa da adon wuya ko hannu. Sai ɗan gajeren bidiyo ina ɗaga yadin da hannu ina saki, a ga nauyinsa da yadda yake zuba. In shara-shara ne, in sa tafin hannuna a bayansa a gani. Ba sai fuskarki ta fito ba, hannu da murya sun wadatar.

Awo kuwa, kada ki dogara da lambar da ke wuyan riga. Lamba 12 ta Ingila ba ita ce 12 ta Amurka ba, kuma a dila ɗaya za ki samu duka. Ki sayi tef irin na tela, ki shimfiɗa rigar, ki auna tsawo, ƙirji, kafaɗa, hannu da ƙugu, ki rubuta da inci. Lambobin abaya, 52, 54, 56, 58, tsawonta suke nunawa da inci, ba faɗinta ba, shi ya sa za ki ga mace ta sayi lambarta daidai amma ta matse ta a ƙirji. Kayan yara ma kada ki tsaya a "shekara 4 zuwa 5", yara ba girma ɗaya suke yi ba. Mata da yawa da kike gani sun yi shiru, ba rashin so ba ne, tsoron kada su biya kuɗi riga ta ƙi shiga ne.

Sai aibi. Ɗan tabo a gefen hannu, maɓalli ɗaya da ya fita, zif mai cijewa, wurin da aka taɓa ɗinkewa: ki ɗauki hotonsa da yatsanki a kai, ki faɗa tun kafin a tambaya. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. A kasuwance ma na ga amfaninsa da idona. Ranar da mata suka ga kin nuna tabon da su da kansu ba za su hango a hoto ba, daga ranar in kika ce riga ba ta da matsala sun yarda, kuma mai yarda ita ke ƙara tayi ba tare da ɗar-ɗar ba.

Farashin farawa da lokacin rufewa

Za ki ji ana cewa a fara da ƙaramin kuɗi, shi ke jawo mutane. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ƙaramin farashi yana sa mutum goma su shiga, wadda ta shiga kuma ba ta son fita, sai takara ta kai kaya inda ya dace ko ta wuce. In masu tayin biyu ne, ba takarar da za ta ɗaga shi, kin yi kyauta ne kawai. Abin da ya same ki sau biyu ke nan.

Ki fara sanin nawa riga ta tsaya miki. Ba kuɗin sari kaɗai ba, har da kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa, sabulu da guga, leda, data, da kason kayan da suka zo a cikin sarin ba za su sayu ba. A ce abaya ta tsaya miki 8,000. A yanzu da jama'arki ba su yi kauri ba, ki fara daga 8,000 ɗin. In kuma kina son farawa ƙasa, ki rubuta tun farko cewa ba za a sallama ƙasa da kaza ba. Mai kaya tana da ikon cewa albarka, amma ɓoye wannan iyaka har sai mace ta yi nasara sannan a ce mata bai kai ba, yana ƙona rai, kuma ba za ta sake tayawa ba. Abin da nake yi shi ne kowane dare in ware abu ɗaya, mayafi ko rigar yara, in fara shi da kuɗi kaɗan ƙwarai don buɗe kasuwa, in sallama a duk inda ya tsaya. Asararsa ina lissafa ta a kuɗin talla. Ki kuma ƙayyade mafi ƙarancin ƙari, 200 ko 500 gwargwadon kayan, don kada a kwana ana ƙara naira hamsin-hamsin.

Lokaci: bayan Isha'i, an ci abinci, yara sun kwanta ko sun kusa, daga takwas da rabi zuwa goma. Kada rufewarki ta faɗo a kan Magariba ko lokacin girki. Ki tsayar da rana ɗaya a mako, kada ki riƙa sauya ta, har mata su saba su riƙa ajiye data dominta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka hotunan su fara fita a sitatus kwana biyu kafin ranar, kina sabuntawa tunda awa 24 yake yi ya ɓace, mai tambayar awo ta tambaya tun da wuri. Mafi kyawun kayanki ki ajiye su zuwa ƙarshen wata da farkonsa, lokacin da albashi ya shiga gidaje. Ki bi yanayin garin kuma. Rigunan sanyin yara daga Nuwamba zuwa Janairu ake rububinsu, a Afrilu kuwa ko kallo ba za su samu ba. Yadin da sai an ɗinka, a Sha'aban da farkon azumi yake tafiya kafin teloli su rufe karɓar ɗinki, ɗinkakku kuma a goman ƙarshe.

Wajen rufewa ake samun rigima, don haka ki rubuta dokokin ki maƙala su a saman guruf. Agogon wayarki shi ne alƙali. Akwai masu laɓewa sai saura daƙiƙa kaɗan su jefo tayi, maganinsu shi ne duk tayin da ya shigo a minti uku na ƙarshe a ƙara minti uku. WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15, saboda haka saƙon da aka gyara ba ya cikin lissafi, mai son ƙari ta turo sabo. A Facebook kuwa, sharhi ba ya jeruwa bisa lokacin da aka rubuta shi sai kin sauya tsarin da kanki, sannan a laif, wato bidiyon kai tsaye, abin da kike gani da abin da mai kallo ke gani akwai tazara, gwargwadon ƙarfin sabis ɗin kowa. Ki faɗa musu tun farko cewa jerin da ya bayyana a wayarki shi ne abin dogaro, ki ɗauki hotonsa ki nuna.

Shawarar ƙawarki

Kada ki yi. Gwanjo kansa halas ne, malamai suna kiransa bai'ul muzayada, kuma suna kafa hujja da hadisin Anas da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ɗaga shimfiɗa da ƙoƙon wani mutum, wani ya taya dirhami ɗaya, ya tambaya wa zai ƙara, wani ya ba da dirhami biyu aka sallama masa. Amma mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, don kawai farashi ya hau a kan wani, wannan shi ne najashu, kuma hani a kansa ya zo a Bukhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Umar. Duk nairar da ta ƙaru a kan 'yar'uwarki ta wannan hanya, da yaudara aka karɓe ta. Cewa kowa haka yake yi ba ya sauya hukuncin, kuma ba gaskiya ba ne, na san mata da yawa da ba sa yi.

An taɓa yi mini, shi ya sa nake jin abin har raina. A wani guruf na yi takara a kan wata jaka da wata mata da ke bin duk tayina da ƙari, har na haƙura na bar mata. Bayan mako biyu sai ga jakar nan, da ɗan ƙarcen da ke gefen marfinta, ta sake fitowa a gwanjo a guruf ɗin. Na yi bincike kaɗan, ashe mai takarar 'yar ɗakin mai kayan ce. Ban yi faɗa da kowa ba, na fita, kuma duk wadda ta tambaye ni dalili na faɗa mata. Kano da girmanta, a harkar mata ƙaramin gari ne. Wata a gurufinki ta yi makaranta da ƙanwarki, wata maƙwabciyar gidanku ce, lambar da kike ganin ba a sani ba tana ajiye a wayar wata da cikakken suna. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In ƙannenki na son taimaka miki, ga aikin da ya halatta kuma ya fi amfani: su ɗora hotunanki a sitatus ɗinsu, su kawo ƙawayensu na makaranta da na wurin aiki, su taya ki guga da awo. Wadda kuma take son riga da gaske, ta taya kamar kowa, in ta ci ta biya ta ɗauka.

Bayan an sallama

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kusan kowa ya saba da tiransifa, wannan ya sauƙaƙa mana ciniki, amma ya zo da alat na bogi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ki buɗe manhajar bankinki, ko OPay ko Moniepoint ko duk wadda kike amfani da ita, ki ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar gida. Sunan da ke kan asusun ya zama wanda aka san ki da shi, domin baƙon suna yana sa sabuwar kostoma ta ja baya. Wadda ta ci gwanjo ki ba ta wa'adi, a ce zuwa azahar ɗin gobe, in ba ta biya ba a tuntuɓi ta biyu a kan tayinta, in tana so. Mai yin haka sau biyu, sai ta ajiye kafin alƙalami sannan a karɓi tayinta.

Kuɗin kai kaya ki faɗe shi tun kafin a fara tayi, na cikin gari daban, na tasha daban. In za ki aika ta Unguwa Uku ko Na'ibawa ko Ƙofar Ruwa, ki rubuta suna da lamba a jikin ledar da babban rubutu, ki tura wa wadda ta saya lambar direba da ta mota. Kafin in naɗe riga nakan ɗora ta a kan kwando in sa mata turaren wuta a ƙasa na 'yan mintoci, in ninke, in sa a sabuwar leda. Mace ta buɗe ta ji ƙamshi maimakon warin dila, wannan kaɗai ya dawo mini da mutane da yawa. In kaya suka isa aka samu aibin da ban faɗa ba, nakan karɓa in mayar da kuɗi ba tare da ja-in-ja ba. In aka yaba, sai in nemi izini in rufe sunan in ɗora saƙon a sitatus.

Duk abin da na faɗa miki daga cinikin kayan mata da na yara na samo shi, a Kano da garuruwan da mota ke kaiwa a yini ɗaya. Kayan maza da sayarwa ƙasashen waje hanyarsu daban, kada ki ɗauki maganata ki auna su da ita. Kuma ko kin yi komai daidai akwai daren da za a yi shiru. Tun da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023 kuɗin dila ya hau, cefane kuma ya cinye abin da mata ke warewa na sutura, wannan ba dabarar hoto da za ta gyara shi. A irin wannan dare ki ce albarka, ki mayar da kayanki cikin akwati, mako na gaba yana zuwa.

Da ni ce ke, da na dakatar da gwanjon na mako uku. A cikinsu in sayar da tsayayyen farashi, in bi tsofaffin kostomomina ɗaya bayan ɗaya in gaishe su in tambayi lambar jikinsu da ta yaransu, in buɗe sabon guruf in tura gayyata, mai so ta shiga da kanta. In je Wambai da sassafe ranar da mai dilata zai kwance sabuwa, in zaɓo guda shida da na san za a yi ja-in-ja a kansu. Sai na tabbatar da mata goma sha biyar da suka ce mini da bakinsu za su halarta, sannan in sa ranar, ta dace da makon albashi. In kin yi na farkon, ki rubuto mini mutum nawa suka taya da inda kowace riga ta tsaya, mu duba tare mu ga abin da za a gyara a na biyu.